Bucks: kafin ka danna, ka san kuɗin wace ƙasa ake nufi

Yau ba kwance waya za mu yi ba, ba kuma saitin data ba. Kalma ɗaya ce ta Turanci nake so mu zauna a kanta, don a ganina tana cin kuɗin mutane fiye da yadda faɗawar waya cikin ruwa ke ci. Kalmar ita ce bucks. Ana furta ta "baks". Kar ka ce "buks", wannan littattafai ke nan.

Ka sha cin karo da ita, ko ka lura ko ba ka lura ba. Tana cikin tallan da ke faɗo maka kana tsakiyar kallon bidiyo a YouTube. Tana cikin saƙon da baƙuwar lamba ke turo maka a WhatsApp ko Telegram. Tana bakin masu bitar sababbin wayoyi. "Only 5 bucks." "Earn 50 bucks daily." "Best phone under 200 bucks." Mafi yawanmu lambar kawai muke gani, 5 ko 50 ko 200, sai zuciya ta ƙarasa sauran da kanta. Mai son saye ya ɗauka naira ce don abin ya yi masa araha, mai son samu kuma ya ɗauka dala ce don abin ya yi masa yawa.

A bakin Ba'amurke, buck ɗaya dala ɗaya ce. Ten bucks dala 10, hundred bucks dala 100. Ba wani sabon kuɗi ba ne, ba kirifto ba ne, laƙabi ne kawai. Kamar yadda in ka ce wa mai shayi "ba ni canjin Murtala" ya san naira 20 kake nufi, saboda hoton Janar Murtala Muhammad da ke jikinta tun 1977, ko a ce Wazobiya ana nufin naira 50 da aka fitar a 1991. Maganar titi ce da hira tsakanin abokai. Ba za ka gan ta a takardar banki ba, ba za ka gan ta a rasit ba, can USD ake rubutawa ko a sa alamar $. Ka riƙe wannan da kyau. Duk "kamfanin" da ya turo maka takardar ɗaukar aiki yana cewa albashinka bucks kaza ne, daidai yake da a ce ma'aikatar gwamnati ta rubuta maka cewa za ta riƙa biyan ka Murtala ɗari biyar a wata. Daga jin yaren ka san ba daga ofis ya fito ba.

Akwai 'yan jimloli da ake ɗaura ta a ciki waɗanda ya kamata ka gane. In ka ji "a buck fifty" ana cinikin ƙaramin abu, dala ɗaya da santi 50 ne, don dala ɗaya santi 100 ce kamar yadda naira take kwabo 100. Big bucks na nufin maƙudan kuɗi. Quick buck kuɗin da aka samu cikin sauri ne, kuma su kansu Turawan ba yabo suke yi da ita ba, in sun ce wane yana neman quick buck to ɗan ci-da-ceto suke nufi, wanda bai damu da ta ina kuɗin suka fito ba. Abin dariya, masu tallan damfara da ita suke kiran mu, mu kuma muna murna. Sai wadda masu bitar waya ba sa gama bidiyo ba su faɗe ta ba, "bang for your buck". Ba ƙarar fashewa ba ce, ba kuma batir ne zai tashi ba. Suna nufin kayan ya ci kuɗinsa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Tana da 'yan'uwa biyu da ke yawo tare da ita: grand, wato dubu ɗaya, da K da muka riga muka mayar tamu. Two grand a bakin mutumin Amurka dala 2,000 ce. K ɗin kuma daga kilo ta fito, dubu take nufi ko ta mabiya a TikTok ko ta kuɗi.

To daga ina kalmar ta samo asali? Nan ne abin ya fi burge ni. A Turanci buck namijin barewa ne, har bunsuru ma haka suke kiran shi. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, a ƙarni na 18, kafin a yi dalar Amurka, Turawan da suka je can da mutanen ƙasar na asali da fatar barewa suke ƙiyasta kaya. Bindiga fata kaza, bargo fata kaza. Wani tafinta mai suna Conrad Weiser ya rubuta irin wannan cinikin a littafin tafiyarsa zuwa yankin Ohio a 1748, yana ƙirga darajar kaya da bucks. Ita kuwa dala sai a 1792 aka kafa ta da doka. Ka ga ashe laƙabin ya girmi mai sunan. Fatar ta tafi, sunan ya zauna a kan takarda, yanzu kuma ya koma kan sikirin.

Mu 'yan wannan yankin bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, a nan Ƙaura ya tsaya a 1929, kuma abin da ya zo ɗauka gyaɗa ce da auduga da fatu. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tun kafin jirgin ƙasa ake ketara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Kakanninmu sun san fata dukiya ce. Kuma kalmarmu ta "kuɗi" ita ma haka ta faro, jam'in wuri ce, ɗan ƙwanson nan na teku da ake kawowa tun daga tsibiran Maldives. Wurin ya ɓace daga kasuwa, amma har gobe kuɗi muke cewa. Har yanzu za ka ji mutum ya rantse ba shi da ko sisi, ko taro, ko anini, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya a cikinsu ba. Tsofaffinmu kuma in suka ce jaka ɗaya naira 200 suke nufi, saboda jaka fam 100 ce a da, da aka kawo naira a ranar 1 ga Janairu 1973 kuma fam ɗaya ya koma naira 2. Yaron yanzu in kakarsa ta ce ta ba shi jaka biyar sai ya fara hangen sabuwar waya, a miƙo masa dubu ɗaya.

Yanzu ga inda matsalar take, kuma don ita na yi wannan rubutun. Bucks ba dala ba ce a ko'ina. Laƙabi ne da ke bin bakin mai magana. Mutumin Kanada in ya faɗa, dalar Kanada yake nufi, mutumin Ostareliya tasu dalar, kuma duka biyun ba su kai ta Amurka daraja ba. A Afirka ta Kudu rand suke kira bucks. A Indiya rupi. A nan gida ma, ka zauna kusa da ɗaliban Poli ta Ƙaura wajen mai indomi, za ka ji wani ya ce "abeg ƙara min 50 bucks", naira 50 yake roƙo.

Na Indiya ɗin shi ya fi shafar mu, don mafi yawan bidiyon da ke bitar irin wayoyin da muke riƙewa, su Infinix da Tecno da Redmi, daga can suke fitowa. Mu masu gyara ma da yawan abin da muka iya na bin layin fanel da neman inda wuta ta yanke, daga bidiyon Indiyawa da 'yan Pakistan muka tsinta. Sai ka ji mai bita ya ɗaga waya ya ce 10,000 bucks ce. In ka lissafa da dala, a ce dala ɗaya naira 1,500 don sauƙin lissafi, naira miliyan 15 ke nan, kuɗin mota. In ka ɗauka naira ce, dubu goma, ko sikirin ɗinta ba za ta saya maka ba. Gaskiyar tana tsakiya. Dala ɗaya ta haura rupi 80, don haka rupi 10,000 ba ta kai dala 125 ba, wato ƙasa da naira 190,000 a wancan lissafin. Lamba ɗaya, farashi uku. Akwai yaron da ke koyon aiki a shagonmu da ya yini yana musu da wani kwastoma a kan cewa 'yan kasuwar waya na cutar mutane, wai wayar dubu goma sha biyu ce a waje ake sayar mana kusan dubu ɗari biyu. Da aka mayar da bidiyon baya sai ga alamar ₹ ɓaro-ɓaro a gefen lambar.

Wanda ke cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko yake hulɗa da mutanen da ke shigowa ta iyakar Zurmi, ya riga ya san wannan darasin da Hausa. Mutumin Maraɗi in ya ce maka dala, ba ta Amurka yake nufi ba, sefa 5 yake nufi. Dala ashirin a bakinsa sefa 100 ce. Jika ɗaya kuma sefa 1,000, ba naira 200 irin ta kakarka ba. Hausa ɗaya, kalma ɗaya, amma in ba ka tambayi "na wace ƙasa?" ba, sai ku yi ciniki ku tafa kowa na murna, a zo biya rigima ta tashi. Babu dillalin dabbobin da zai sallama rago a kan "jika hamsin" bai tantance jikar wa ba. Amma shi ɗin dai, a ba shi waya a hannu, sai ya danna Continue a kan "5 bucks" ko tambaya babu.

Da can wannan ba damuwarmu ba ce, don kuɗinmu na aljihu, Turancinsu na can. Abin ya sauya ne tun lokacin canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, farkon 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Zamfara na cikin jihohi ukun farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Amma kafin nan mai gero da mai itace da mai ƙosai duk sun buɗe asusu. Mutanen da ba su taɓa shiga banki ba suka koma jiran alat. Kuɗin ƙauye ya shige cikin waya, ita kuma waya da Turanci take magana, Turancin ma na titin Amurka.

Sannan ita dalar ba inda muka bar ta take ba. Farkon 2023 farashin gwamnati wajen naira 460 ne. A watan Yuni na shekarar aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500 a hukumance, a kasuwar bayan fage ma ta wuce 1,800. Ma'ana 5 bucks ɗin da a da bai kai naira 2,500 ba, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 7,500. Su a can har yanzu kuɗin kofin shayi ne, shi ya sa suke sa masa "only" ko "just" a gaba. Ba ƙarya suka yi ba, ba da kai suke ba ne.

Wani dattijo mai sayar da hatsi daga wani ƙauye a hanyar Zurmi ya taɓa kawo min wayarsa a nannaɗe cikin leda. Ya ce, "Ɗana, duba man wagga waya. Duk Laraba sai an zare mani kuɗɗi, ni ko ban sai komi ba. Ko ɓarayi sunka shiga cikinta?" Shi so yake a yi mata filashin a wanke ta tas. Na duba saƙonnin banki, lallai duk mako ana cire dubu bakwai da 'yan kai, an yi haka sau shida. Na shiga Play Store sai ga wata manhajar gyaran hoto, irin mai sa fuska ta yi sumul ɗin nan. Jikansa ne ya sauke ta. Tallan ya ce kwana uku kyauta, daga nan ƙasa da 5 bucks a mako, katin ATM ɗin tsohon kuma dama yana maƙale da asusun Google ɗin wayar. Yaron ya yi hotonsa biyu, ya goge manhajar, ya ɗauka magana ta ƙare.

Na ce, "Baba, ba ɓarayi ba ne, haya kuke biya." Na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To shi wanga bakis ɗin, kuɗɗin wace ƙasa na?" Na ce dalar Amurka. Ya ce, "Dala biyar kac ce? Duk mako? Don hoto?" Ya cire hula ya mayar. Wallahi tambayar da ya yi ita ce daidai, kuma mutum ne da bai yi boko ba. Da jikan ya yi ta tun farko, da sama da dubu arba'in na nan a asusun. Kuma da an biye masa an yi filashin ɗin, da ya biya ni kuɗin aiki ya tafi, Laraba ta zagayo a sake cira.

Don abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan: goge manhaja ba ya tsayar da biyan kuɗi. Yarjejeniyar ba a cikin wayar take ba, tana tsakanin asusunka na Google da katinka. Ko wayar ta faɗa rijiya, ko an sace ta, ko an kashe sabis gaba ɗaya kamar yadda aka yi mana a faɗin Zamfara daga farkon Satumban 2021 muka yi makonni ba kira ba data, ranar biya na zuwa za a cira. Sai dai kai ba za ka ga alat ɗin ba.

Ga yadda za ka duba taka yanzu, ba sai ka zo shago ba. A wayar Android buɗe Play Store, taɓa hotonka ko harafin sunanka da ke sama ta hannun dama, shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Duk abin da kake biya a kai a kai zai fito, da farashinsa da ranar da za a sake cira. Wanda ba ka so, taɓa shi ka zaɓi Cancel subscription, ka bi har sai ya nuna maka an soke. In asusun Gmail fiye da ɗaya ne a wayar, ka duba kowanne daban, don sau da yawa a wanda aka manta da shi ɓarnar take. A wannan shafin dai akwai Payment methods, nan za ka ga katunan da ke maƙale, ka cire wanda ba ka buƙata. In yara na ɗaukar wayarka, ka shiga Play Store ɗin ka kunna neman tabbaci kafin kowane saye, ta yadda sai da yatsanka ko lambar sirri kuɗi zai fita. Mai iPhone kuma ya shiga Settings, ya taɓa sunansa a sama, zai ga Subscriptions.

Sannan ka koyi karanta farashin da kansa. 4.99 ba ɗari huɗu da casa'in da tara ba ce, ɗigon nan yana raba dala da santi ne, dala biyar ce ba santi ɗaya. Ka duba abin da ke bayan lambar: /wk mako ne, /mo wata, /yr shekara. Dala 4.99 a mako sau 52 ta kama dala 259 da 'yan kai, a lissafinmu na 1,500 kusan naira 390,000 ke nan a shekara. Sabuwar waya mai kyau sukutum, a kan manhajar da ta fi wayar taka tsada. In kana son sanin farashin ranar, rubuta "5 usd to ngn" a Google, ko "10000 inr to ngn" in rupi ce, ko zar in rand ce. Amma ka ɗan ƙara wani abu a kai, don bankinka da nasa farashin yake cira, ba da na Google ba.

Wancan tarkon ƙaramar lamba ne, a nuna maka 5 don ka raina. Akwai kishiyarsa, a nuna maka babbar lamba don ka ruɗe. Wata baiwar Allah ta zo gyaran bakin caji, tana ta roƙo a yi sauri don tana da 480 bucks a wata manhaja, saura 20 ta kai adadin da ake cirewa. Wata biyu tana kallon talla tana danna akwatuna, datar da ta ƙona Allah kaɗai ya sani. Na ce, "Hajiya, a ina aka rubuta dala ce?" Muka duba sama da ƙasa, babu $, babu USD, babu sunan kamfani ko adireshi. Hoton tsabar zinare ne kawai da kalmar bucks a gefe. Irin waɗannan, kana matsowa kusa da adadin sai ladan kowane aiki ya riƙa raguwa, in ka daure ka kai kuma sai a ce ka turo kuɗin "activation" kafin a sakar maka. Wanda zai ba ka dala 500 da gaske, me zai yi da dubu biyar ɗinka? Ai sai ya cire a ciki.

Ka gane, kalmar ba ta da mai ita, babu dokar da ta ce buck sai dala. Kowa na iya buɗe manhaja ya sa wa makin cikinta wannan sunan. Wasan Fortnite na kamfanin Epic Games na da nasa kuɗin mai suna V-Bucks, da kuɗin gaske ake sayen shi a yi wa ɗan wasa kwalliya, amma ba a mayar da shi kuɗi, su kuma ba su ɓoye hakan ba. Masu damfara wannan ƙofar suke bi, sai dai su ba za su gaya maka ba. Kuma dabarar tsohuwa ce. MMM da ta rufe asusun 'yan Najeriya a Disamban 2016, abin da mutane ke gani yana hauhawa a shafinsu "mavro" ne, daga sunan mai ita Sergei Mavrodi. CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025 ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, mutane na kallon lambobi da alamar dala suna ƙaruwa a sikirin har ranar da cirewa ta gagara. Wannan ma da alamar $ ɗin ke nan. To ina ga wanda ko alamar bai sa ba?

Ba ina cewa duk wanda ya ce zai biya ka bucks ɗan damfara ba ne. Akwai matasanmu da ke yin zane da fassara da haɗa bidiyo wa mutanen waje, kuma Bature in yana ciniki da kai a hira haka zai ce, "I can do 30 bucks." Wannan daidai ne, yarensa ne. Kai dai ka mayar masa a rubuce: "30 USD?" Ya amsa da eh, sannan ku yi maganar ta inda kuɗin zai iso hannunka da wanda zai ɗauki cajin turawa, kafin ka taɓa aikin. In daga Indiya yake ko Afirka ta Kudu, wannan 'yar tambayar ita ce bambancin naira 45,000 da abin da bai kai kuɗin datar da ka ƙona ba. Rupi 30 ko naira 600 ba ta kai ba. Kar ka ji kunyar tambaya wai kar a ce ba ka waye ba, su ma junansu suna tambaya.

Saura masu kawo min hoton talla suna cewa, "Oga, dubi iPhone 99 bucks a Amurka, ɗan'uwana zai aiko min." Wannan dala ce ta gaske, amma ba farashin wayar ba ne gaba ɗaya. Kamfanonin layin can irin su Verizon da AT&T da T-Mobile suna ba da waya da rahusa ne in ka ɗaure kanka da layinsu, kana biya wata-wata har shekara biyu ko uku. Wayar na zuwa a kulle da layin, ka sa MTN ko Airtel ta ce ba ta san zancen ba, in kuma wanda ya karɓo ta ya daina biya, suna iya sa lambar IMEI ɗinta a baƙin littafi. Ko wadda ba ta kulle ba, farashin da ke jikin talla a Amurka bai haɗa da harajin saye da yawancin jihohinsu ke ɗorawa a wurin biya ba, balle kuɗin jirgi da na kwastan. Kuma tun daga iPhone 14 da ta fito a Satumban 2022, duk wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sim ko kaɗan, eSIM kawai take ɗauka. In layinka na roba ne, sai ka je ofishin kamfanin layin da NIN ɗinka an mayar maka da shi eSIM kafin ta yi kira. Akwai masu fasa ta su dasa mata ramin sim, ana kawo mana irinsu daga Kano, amma ni ba na ba da shawarar saye, don an riga an taɓa fanel, kuma ruwa ko ƙura ba sa neman izini a wurin da aka yanka.